Huhu Yana Farfaɗowa In An Bar Taba

Wata rana da yamma muna duba wani ajin manya a wani ƙauye kusa da Dogon Daji, cikin ƙasar Tambuwal. Malamin aji ya ta da wani manomi ya karanta layi uku a allo. Mutumin ya iya karatu sarai, amma bai kai ƙarshen layi na biyu ba sai tari ya sarƙe shi. Ya dafa bango ya yi ta yi, har idonsa ya kawo ruwa. Da aka tashi muka ja shi gefe, muka tambaye shi ko yana shan taba. Ya ce, "Malam, shekarata talatin ina sha, ga shi yanzu na ba hamsin baya. Abin da ya ɓaci ya riga ya ɓaci. In na bari yau, mi za ya ƙare ni da shi?"

Wannan tambaya mun sha jin irinta a Jabo da Sanyinna, mun ji ta a Kebbe da Kuchi. Masu yin ta ba su musun cewa taba tana da illa. Abin da suke zato shi ne lokaci ya ƙure musu. Domin su muka rubuta wannan darasi. Amsar a taƙaice ita ce, huhu yana fara gyara kansa tun daga ranar da aka daina zuba masa hayaƙi, ko mutum yaro ne ko dattijo. Amma akwai ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma kowace shekara aka ƙara ana sha, ita ma ƙaruwa take yi. Bari mu bi maganar daki daki.

Yadda huhu yake

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya ga huhun rago. Nama ne mai taushi, marar nauyi, kamar soso. Na mutum ma haka yake, guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, haƙarƙari ya kewaye su.

In muka ja numfashi, iska takan bi ta maƙogwaro ta gangara. Can ƙasa hanyar ta rabu biyu, kowace ta shiga huhu ɗaya. A ciki kuma ta yi ta rarrabuwa kamar rassan itace, har ta zama siririya ƙwarai. A ƙarshen kowane reshe akwai waɗansu 'yan jakunkuna ƙanana, ido ba ya ganinsu, jere kamar saƙar zuma. Yawansu a ƙirjin mutum ɗaya ya fi miliyan 300. A nan ne jini yake karɓar iska mai kyau, wadda likitoci ke kira oksijin, ya kai wa dukan jiki, ya kuma sauke gurɓatacciya a fitar da ita. Mutum yakan yi numfashi wajen sau 20,000 a kwana ɗaya, yana barci ko yana farke.

Allah ya yi wa hanyoyin nan masu shara. A jikin bangonsu akwai waɗansu 'yan gasu ƙanana ƙwarai, suna kaɗawa dare da rana kamar tsintsiya. Ƙurar da muka shaƙa takan manne a majina, su kuma su turo majinar sama, mu tofar ko mu haɗiye ba mu sani ba. Da ba domin su ba, da ƙurar hunturu ɗaya ta ishe mu.

Abin da hayaƙin taba ke yi

Ku shiga ɗakin girki ku ɗaga kai. Za ku ga kunkunniya ta yi baƙi ƙirin a jinka, tana danƙo. Hayaƙi ne ya tara ta kaɗan kaɗan. To, mai shan taba irin wannan yake tarawa a ƙirjinsa.

Masana sun auna hayaƙin taba, sun sami abubuwa iri iri fiye da 7,000 a cikinsa, wajen 70 daga ciki an san suna kawo ciwon daji. Uku kawai za mu ambata.

Na farko kwalta. Ita ce mai danƙon nan da ke rina yatsu da haƙoran mai sha. Takan kwanta a hanyoyin iska, ta kashe wa masu shara jiki. In sun daina aiki majina ta taru, sai mutum ya dinga fitar da ita da ƙarfin tsiya. Wannan shi ne tarin asuba da mashaya suka sani.

Na biyu wata iska ce mai guba, marar wari, irin wadda garwashin gawayi ko janareta ke fitarwa a ɗakin da aka rufe. Takan shiga jini ta tare wurin iska mai kyau. Shi ya sa mai shan taba yake saurin haki in ya kama huɗa ko ya ɗauki buhu.

Na uku nikotin. Shi ne mai kama mutum ya hana shi bari. Yakan kuma sa zuciya ta yi saurin bugawa, jijiyoyin jini su tsuke.

Ba huhu kaɗai abin ke taɓawa ba. Taba tana kawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon dajin baki da na maƙogwaro. Tana rage wa namiji ƙarfi. Mai shan ta kuma ya fi saurin kamuwa da tarin fuka, kusan ninki biyu na wanda ba ya sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, kuma tana iya kashe har rabin mashayan da ba su bari ba.

Yadda aka gane

Taba baƙuwa ce a ƙasarmu. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, ta iso ƙasashen nan shekaru 400 da 'yan kai da suka wuce. Tun zuwanta malamai suka yi ta muhawara a kan hukuncinta, har Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi rubutu a kanta a 1607. A zamanin nan ba a tabbatar da abin da take yi wa huhu ba. Kakanninmu suka noma ta a fadama, waɗansu suka sha a lofe, waɗansu suka daka ta da kanwa suka sa a baki, mata suka goge haƙora da furenta. Daga baya sigari ya zo. A 1959 kamfanin taba ya buɗe masana'anta a Zariya, ana kuma sayen ganye daga manoman Arewa, har da na lardin Sakkwato. Sigari ya yi araha, ya shiga kowace kasuwa.

A ƙasar Ingila kuwa likitoci sun lura ciwon dajin huhu yana ta yawa. Waɗansu suka ce hayaƙin motoci ne, waɗansu suka ce kwaltar hanya ce. Sai masana biyu, Richard Doll da Bradford Hill, suka bi asibitocin birnin Landan suna tambayar marasa lafiya. A 1950 suka bayyana cewa kusan duk masu wannan ciwo mashaya taba ne. Shi kansa Doll mashayi ne, da ya ga abin da lissafinsa ya nuna sai ya bari.

Ba su tsaya nan ba. A 1951 suka rubuta wa likitocin ƙasarsu takarda, suna tambayar kowa ko yana sha. Aka yi ta bin likitoci maza wajen 34,000 har shekara 50, ana rubuta wanda ya rasu da abin da ya yi sanadinsa. A 2004 aka fitar da sakamakon. Waɗanda suka ci gaba da sha, in aka kwatanta su da waɗanda ba su taɓa sha ba, sun rasa wajen shekara 10 na rayuwa. Amma ga abin da muke so kowa ya riƙe:

Wanda ya bari yana da shekara 30, ya tsira da wajen shekara 10.
Wanda ya bari yana da shekara 40, ya tsira da wajen shekara 9.
Wanda ya bari yana da shekara 50, ya tsira da wajen shekara 6.
Wanda ya bari yana da shekara 60, ya tsira da wajen shekara 3.

Rai da ajali a hannun Allah suke, wannan babu shakka. Amma an umurce mu da bin sababi. Wanda ya san rijiya ba ta da murfi ba ya barin ɗansa ya yi wasa a bakinta.

Abin da ke faruwa in an bari

Manomi ya san gonar da ta gaji. In aka bar ta ta huta, aka zuba mata taki, sai ta komo da ƙarfinta. Jikin mutum ma haka yake, kuma ba ya ɓata lokaci. Ga yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera abin:

Bayan minti 20, bugun zuciya ya fara sauka.
Bayan awa 12, iskar nan mai guba ta ragu a jini, ta koma yadda take ga kowa.
Daga mako 2 zuwa mako 12, jini ya fi gudu sosai, huhu ya ƙara ƙarfi.
Daga wata 1 zuwa wata 9, tari da haki su ragu.
Bayan shekara 1, hatsarin ciwon zuciya ya koma rabin na mai sha.
Daga shekara 5 zuwa 15, hatsarin shanyewar ɓarin jiki ya koma kamar na wanda ba ya sha.
Bayan shekara 10, hatsarin ciwon dajin huhu ya koma wajen rabin na mai sha.
Bayan shekara 15, hatsarin ciwon zuciya ya koma kamar na wanda ba ya sha.

Akwai abin da yakan tsorata mutane. Cikin makonnin farko waɗansu sukan ga tarinsu ya ƙaru, majina tana ta fita. Sai su ce, "Ka gani, da ina sha ma na fi lafiya." A'a. Masu sharan nan ne suka farfaɗo, suka tarar da aikin shekaru ya taru, suka kama kwashewa. Ɗakin da aka daɗe ba a share ba, ranar da aka sa masa tsintsiya ƙura takan tashi. A yi haƙuri, zai lafa.

Cikin 'yan kwanaki kuma hanci da harshe sukan warware. Mutum ya ji ƙanshin daddawa a miya yadda ya manta, abinci ya yi masa daɗi. Waɗansu sukan ɗan yi ƙiba. Wannan ba abin damuwa ba ne in an kwatanta da cutar taba.

A 2020 waɗansu masana a Ingila suka duba ƙwayoyin naman da ke shimfiɗe a hanyoyin iska. Ga masu sha, kusan dukansu hayaƙi ya lalata su. Ga waɗanda suka bari kuwa, har da waɗanda suka shekara 30 ko 40 suna sha, sai aka tarar da lafiyayyun ƙwayoyi da yawa sun tsiro sun maye wurin, kamar ba su taɓa ganin hayaƙi ba. Watau akwai iri mai kyau da ya ɓuya, yana jiran a daina ƙona gonar.

Abin da ba ya dawowa

Ba za mu ruɗe ku ba. Gonar da ta gaji takan farfaɗo, amma inda ruwa ya ci ƙasa ya yi kwazazzabo, ƙasar nan ta tafi. 'Yan jakunkunan nan na huhu in hayaƙi ya fasa bangonsu ba su sake ginuwa. Wanda abin ya yi wa yawa yakan zauna da haki, ko zuwa masallaci ya gagare shi sai ya huta a hanya.

To, ko shi yana da riba in ya bari? Yana da ita ƙwarai. Ƙarfin huhun kowane mutum yana raguwa sannu sannu da tsufa. Na mai shan taba yakan ragu da gaggawa. Tun 1977 masana biyu, Fletcher da Peto, suka nuna cewa in mutum ya bari, abin da ya rasa ba ya komowa, amma gaggawar nan takan tsaya, ragowar huhunsa ya riƙa tsufa kamar na kowa. Manomi ba ya iya mayar da ƙasar da ruwa ya kwashe, amma yana jera duwatsu ya dasa gamba, kwazazzabo ya daina cin gonarsa. Bari shi ne jera duwatsun. Saboda haka bana ta fi baɗi, yau kuma ta fi gobe.

Ku kula da masu tallan magani a kasuwa da cikin mota, masu cewa suna da abin da ke wanke huhu. Babu wani jiƙo ko ƙwaya da ke wanke shi. Madara ma ba ta yi, gama abin da aka sha ciki yake tafiya, ba ya bi ta huhu. Huhu shi ke wanke kansa in an bar shi ya huta.

Dalilin da bari ke da wuya

Hausawa sun ce sabo turken wawa. Amma mai shan taba ba wawa ba ne, an ɗaure shi ne da igiya biyu.

Igiya ta farko nikotin. Daga zuƙa ɗaya yakan kai ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, mutum ya ji ya ɗan sake. Bayan awa ɗaya ko biyu ya ragu a jini, sai jiki ya nemi ƙari. Natsuwar da mashayi ke ji in ya kunna, ƙishin da tabar ta haddasa ne ya kwanta na ɗan lokaci. In aka bari, sai fushi ba dalili, da ciwon kai, da rashin barci, da yawan jin yunwa. Abin ya fi tsanani a kwana ukun farko zuwa mako guda. Daga mako biyu zuwa huɗu yawanci ya yi sauƙi. Babu wanda wannan wahala ta taɓa kashewa.

Igiya ta biyu al'ada. Hannu ya saba, baki ya saba. Bayan cin tuwo, a teburin mai shayi, a tasha ana jiran mota ta cika, a bakin fadama ana gadin injin ban ruwa da dare. Kowane ɗaya daga cikin wuraren nan yana kiran taba. Ita wannan igiya ta fi daɗewa, sai da dabara.

Dabarun bari

1. Ka sa rana, kada ta wuce mako biyu daga yau. Rubuta ta a littafinka, tun da yanzu ka iya rubutu. A ƙarƙashinta ka rubuta dalilinka.

2. Ka gaya wa maiɗakinka da 'ya'yanka da amininka. Ka roƙe su haƙuri da fushin da za ka yi na 'yan kwanaki. Ka gaya wa mai teburin da kake saye wurinsa kada ya sayar maka, ko ka roƙe shi.

3. Daren ranar ka zubar da sauran taba da ashana. Kada ka ajiye kara ɗaya don ko ta kwana. A wanke rigunan da ke warinta.

4. Ka bari ɗungum. Ragewa zuwa kara ɗaya ko biyu a yini ba ta kare zuciya yadda mutane ke zato. In ka rage, ka rage ne da niyyar kaiwa ga ranar bari.

5. Kwaɗayin taba yakan taso ne kamar guguwa, ya yi 'yan mintoci ya wuce. In ya taso ka kurɓi ruwa sannu sannu, ka ja dogon numfashi sau goma, ka tashi daga inda kake. Ka sa asawaki a baki, ko aya, ko gyaɗa, ko dabino. Waɗansu sukan yi alwala, waɗansu su ɗauki tasbaha hannu ya sami abin yi.

6. Ka yi hankali da goro da shayi. Jikin mai shan taba yana saurin ƙone ƙarfinsu. In ya bari, goron da ya saba ci sai ya fi kama shi, ya hana shi barci. A rage, musamman da dare.

7. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wata ɗaya ko biyu ka ƙaurace wa majalisar da ake sha. In mutum biyu suka bari tare, sun fi ƙarfi.

8. Watan azumi babbar dama ce. Wanda ya iya haƙuri daga asuba zuwa faɗuwar rana, awa 13 ko fiye, ya riga ya yi rabin aikin. Saura ya hana kansa bayan shan ruwa. In ya yi haka kwana 30, mafi wuyar ta wuce kafin Salla.

9. Kada ka musanya ta da 'yar'uwarta. Taba gari ta baki ko ta hanci tana da nikotin, tana kuma kawo ciwon baki. Shisha da samari ke sha yanzu taba ce, ruwan tulun ba ya tace gubar, kuma zama ɗaya mutum yakan zuƙi hayaƙin da ya fi na kara ɗaya nesa ba kusa ba.

10. In ka faɗi ka sha, kada ka ce shi ke nan. Yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da dama. Ka duba abin da ya kayar da kai, ka sake sa rana nan da nan.

Akwai kuma magunguna na taimako. Akwai cingam da filasta masu ɗauke da nikotin kaɗan, waɗanda ake ragewa a hankali har jiki ya saki. Akwai kuma ƙwayoyi da likita kaɗai ke rubutawa. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga ma'aikatan asibiti, ta ce magani tare da shawara ya fi kowane ɗaya shi kaɗai. Wanda ya gwada ya kāsa, ya tambayi likita, kada ya saya da ka.

Lokacin zuwa asibiti

Ba kowane tari ne na taba ba. Kada mutum ya zauna yana cewa, "Ai na sigari ne," alhali wata cuta ce ke cinsa. Maza a tafi asibiti in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: tarin da ya kai mako biyu, jini a majina, rama ba dalili, zufa da dare, zazzaɓin da ya ƙi tafiya, ciwon ƙirji, shaƙewar murya da ta daɗe, ko hakin da ke ƙaruwa.

Akwai babban asibiti a Tambuwal, akwai a Kebbe. In abin ya fi ƙarfinsu sukan tura mutum Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. Gwajin majina na tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware, maganinsa ma kyauta ne. Wata shida ake sha, kuma ana warkewa in ba a yi fashi ba. Wanda ke wannan magani, bari ya zama masa tilas, domin taba tana jinkirta warkewa, tana kuma sa cutar ta komo.

Wanda ya bari ya taimaki huhunsa ta wajen tsare shi daga sauran hayaƙi. A yi girki a sarari ko a ɗaki mai taga. Kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe. Ranar da hazo ya yi yawa, ko ana sussuka da shiƙa, a rufe hanci da baki. Tafiya a ƙasa kowace rana, gwargwadon ƙarfin mutum, tana ƙara numfashi.

Iyali da aljihu da doka

Mai shan taba a ɗaki ba shi kaɗai ke sha ba. Daga cikin mutanen da taba ke kashewa kowace shekara, fiye da miliyan 1 ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Yaran gidan mashayi sun fi yawan ciwon haƙarƙari da ciwon kunne da asma. Mace mai ciki in tana shaƙa, jaririnta yana iya zuwa ba nauyi. Yaro kuma abin da ya ga ubansa na yi shi yake koya, balle in shi ake aika sayowa.

Yanzu ku ɗauki fensir mu yi lissafi. Mu ƙaddara kara ɗaya naira 50 ne, mutum kuma yana shan 10 a yini. Naira 500 ke nan. A kwana 30, naira 15,000. A shekara, naira 182,500. Kowa ya sa kuɗin da yake saye a garinsu ya buga nasa, sa'an nan ya tambayi kansa buhun taki nawa ke nan, ko tunkiya nawa. Muna ba wanda ya bari shawara ya sami asusu, kullum ya jefa kuɗin tabar ranar, ya fasa ran jajibirin Salla a gaban iyalinsa.

Gwamnati ma ta sa hannu. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005. A 2015 aka kafa dokar ƙasa wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayarwa kara kara, ta hana sha a wuraren jama'a kamar asibiti da makaranta da motar haya. Daga 2021 aka fara buga hoton cuta a jikin kwali. Ranar 31 ga Mayu kuma ita ce ranar barin taba ta duniya. Kada mashayi ya ga kamar kowa na yi. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna cikin maza goma na ƙasar nan, ɗaya ne kawai ke amfani da taba.

Manominmu

Mu koma ga mutumin da muka fara da shi. Mun karanta masa lissafin likitocin nan, ya sa yatsa a layin mai shekara 50 ya karanta da kansa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai gwada da azumi. Ya kai har bayan Salla. A wurin wani biki aka miƙa masa, ya karɓa, ya koma sha kwana tara. Ƙaramar 'yarsa ce ta ce, "Baba, warin nan ya dawo." Kashegari ya sake bari.

Da muka koma ƙauyen bayan shekara guda, malamin aji ya ta da shi, ya karanta shafi ɗaya cur bai tsaya ba. Ya ce har yanzu in ya kama huɗa yakan huta kafin 'ya'yansa, tarin asuba kuma bai ɗauke duka ba, amma yana barci har kiran salla, ya kuma sayi tunkiya biyu. Ya tambaye mu ko da ya bari tun yana ɗan talatin da hakin nan bai same shi ba. Muka ce mai yiwuwa ne. Ya ce to a gaya wa samari. Mun gaya muku. Allah ya ba mu lafiya da ikon kiyaye ta, amin.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin 'yan gasun da ke cikin hanyoyin iska?
2. Don me tari yakan ƙaru ga waɗansu bayan sun bar taba?
3. Wace ɓarna ce ba ta gyaruwa a huhu? Wace riba mai ita zai samu in ya bari?
4. Faɗi alamu huɗu da za su sa a tafi asibiti.
5. In kara ɗaya naira 50 ne, nawa mai shan 6 a yini zai kashe a kwana 30?

Aikin rubutu

Rubuta wa wani ɗan'uwanka mai shan taba wasiƙa ta layi biyar. Ka gaya masa abu ɗaya da ka koya a wannan darasi, ba tare da zagi ko gori ba.